Katin da Ya Biyo Sawun Masu Haƙar Kwal

Bajamushen da ya je hutu Sifaniya ciwon ciki ya kayar da shi yana iya shiga asibitin gwamnati, ya miƙa wani shuɗin kati, a duba shi kamar ɗan ƙasa. Katin inshorar lafiya na Turai ke nan, wanda ya fara aiki ranar 1 ga Yuni, 2004, yau kuma ana karɓarsa a ƙasashe 27 na Tarayyar Turai, har da Nowe da Suwizalan da wasu ƙananan ƙasashe biyu. Wanda ya juya katin a hannunsa zai ga babu abin a-zo-a-gani a jikinsa: suna, ranar haihuwa, lambar mai shi, lambar asusun da yake biya, sai ranar ƙarewa. Ba ya ɗauke da tarihin ciwo, balle kuɗi. Abin da ke sa likita ya karɓe shi alkawari ne cewa asusun gida zai biya asibitin baƙunta daga baya, kuma wannan alkawari ya girmi katin da shekara 45. Ra'ayina shi ne, duk mai son gane dalilin da ya sa kati ke aiki a wata ƙasa ya ƙi aiki a wata, tarihin wannan bashi ya kamata ya bi.

Tushen abin yana Jamus. A 1883 gwamnatin Bismarck ta tilasta wa ma'aikatan masana'antu shiga asusun jinya, ma'aikaci ya zuba kashi biyu cikin uku, ubangidansa ya cika ɗayan. Kusan adashi ne, sai dai ciwo ke yanke wa mutum ranar kwasa. Da yake kowane asusu na wata sana'a ne ko na wani gari, haƙƙin mutum ya kasance a ɗaure da wurin aikinsa; ya bar ƙasa, ya bar abin da ya tara. Wannan bai dami hukumomi sosai ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da ramukan kwal na Beljiyam suka rasa hannu. A 1946 Italiya ta ƙulla yarjejeniya da Beljiyam, ta aika dubban samari, ita kuma a sayar mata da kwal. Ranar 8 ga Agusta, 1956 gobara ta tashi a mahaƙar Marcinelle, mutum 262 suka mutu, 136 daga cikinsu Italiyawa. Tambayar da ke gaban gwamnatoci a waɗannan shekaru ba ta masu yawon buɗe ido ba ce. Lebura ne da ƙurar kwal ta cinye masa huhu, matarsa da 'ya'yansa suna wani ƙauye a kudancin Italiya: wa zai biya maganinsu, kuma shekarun da ya yi yana zuba kuɗi a ƙasar wasu za su bi shi gida? Shi ya sa dokoki na uku da na huɗu da sabuwar ƙungiyar tattalin arzikin Turai ta fitar a 1958 suka tsaya kan ma'aikata 'yan ci-rani: a haɗa shekarun biyansu, a yi musu abin da ake yi wa ɗan ƙasa, asusu ya biya asusu.

Sauran duk ƙari ne a kan wannan gini. Dokar 1971 ta faɗaɗa shi, aka samu takardar nan mai suna E111 da matafiyi ke karɓa kafin ya tashi. A hankali aka shigar da masu sana'ar kansu da ɗalibai. Da shugabannin Tarayyar Turai suka taru a Barcelona a 2002 suka amince a maye gurbin takardun da kati guda, sauƙin ɗauka kawai suka ƙara. A Jamus ma ba a wahalar da kowa da sabon kati ba, a bayan na gida ake buga shi.

Wani zai ce na rage wa kotu daraja, domin a 1998 Kotun Turai ta yanke hukunci a shari'ar Kohll da ta Decker cewa asusun Luksambur ba zai ƙi biyan gyaran haƙoran da za a yi a Jamus ko tabarau da aka saya a Beljiyam ba don kawai ba a nemi izininsa ba. Gaskiya ne hukuncin ya buɗe sabuwar ƙofa, har ya haifar da dokar 2011 kan neman magani a ƙetare. Amma wannan ƙofa daban take da ta kati: a nan majinyaci ne ke biya daga aljihunsa, a mayar masa gwargwadon farashin gida. Katin kuwa har gobe bai rufe tafiyar da aka yi musamman don jinya ba, sai abin da ya taso ana cikin baƙunta. Wani kuma zai ce in dai alkawarin ne komai, me ya sa ake samun masu kati da aka caje su? Saboda alkawarin bai taɓa wuce “kamar ɗan ƙasa” ba. Inda Bafaranshe ke biyan likita a mayar masa da wani kaso, baƙo ma haka zai yi. Asibitin kuɗi da jirgin mayar da mara lafiya gida ba sa ciki. Kuma inda biyan bashin ya yi nawa, katin kan rasa kwarjini: a 2013 sai da Hukumar Tarayyar Turai ta tuhumi Sifaniya saboda wasu asibitocin yankunan shaƙatawa suna ƙin karɓarsa suna neman inshorar tafiya, wadda kuɗinta ya fi saurin shigowa.

Birtaniya ta ba da shaida mafi ƙarfi ba da niyya ba. Ta fice daga Tarayyar, ta janye 'yancin zirga-zirga, amma ta riƙe yarjejeniyar biyan kuɗin jinya, sai kawai ta sake wa katinta suna a 2021. A yankinmu labarin a juye yake. Tun 1979 ECOWAS ta amince da zirga-zirgar jama'a, Gana ta kafa inshorar lafiya ta ƙasa a 2003, ta Najeriya ta soma aiki a 2005, kowacce da katinta, amma ɗan kasuwar Kumasi da zazzaɓi ya kama a Kano da kuɗin aljihunsa zai sayi magani, don asusun Gana ba ya da lissafi da asibitin da ya kwanta. In kuma Turai ya nufa, ofishin biza ba zai ko dubi katinsa na gida ba, sai ya kawo inshorar tafiya da za ta iya biyan aƙalla yuro 30,000.