Makantar Idon Zuci: Tarihin Tambayar da Aka Yi Wa Rikon Sakainar Kashi

A shekarar 1880 wani masani ɗan Ingila, Francis Galton, ya buga sakamakon wata tambaya da ya rarraba wa mutane. Ya buƙaci kowa ya tuno teburin da ya yi karin kumallo a kansa, sannan ya faɗi yadda hoton ya bayyana masa a zuci: da haske ko dishi-dishi, da launi ko babu. Wasu suka ce suna ganin kwanuka da kofuna tamkar a gabansu suke. Wasu kuwa, ciki har da abokansa masana kimiyya, suka ce ba su taɓa ganin komai ba, kuma a zatonsu "idon zuci" adon magana ne kawai.

Bayan shekara uku, a birnin Faris, likita Jean-Martin Charcot ya ba da labarin wani ɗan kasuwa da wannan baiwa ta kuɓuce masa, har ya kasa kawo fuskar matarsa a rai. Duk da haka zancen bai yi nisa ba. Daga 1913 mazhabar John Watson ta mamaye ilimin halayyar ɗan'adam a Amurka, tana cewa abin da ba a iya gani a auna ba shi da gurbi a kimiyya.

Sai a 1971 Roger Shepard da Jacqueline Metzler suka samo ma'auni. Sun riƙa nuna wa mutane siffofi biyu, ɗaya a karkace, suna tambaya ko iri ɗaya ne. Gwargwadon karkatar siffa, gwargwadon jinkirin amsa, kamar dai mutum yana juya ta ne a cikin kansa. Daga bisani na'urorin ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa suka nuna cewa suranta abu yana aiki da yawancin sassan da gani ke aiki da su, sai dai saƙon yana tasowa ne daga rumbun tunani maimakon ido.

A 2010 likitan ƙwaƙwalwa Adam Zeman ya buga labarin wani dattijo ɗan shekara 65, wanda aka sakaya sunansa da MX, da ya rasa hoton zuci bayan aikin jijiyar zuciya. Da labarin ya bazu, sai wasu suka rubuto suna cewa su haka aka haife su. A 2015 Zeman da abokan aikinsa suka bayyana mutum 21 daga cikinsu, suka raɗa wa yanayin suna afantasiya, daga Girkanci.

Mai wannan yanayi ya san kamannin mahaifiyarsa, yana gane ta cikin taro, yana iya lissafa tagogin gidansu, amma in ya rufe ido duhu ne kawai. Da yawansu suna ganin hotuna a mafarki. Ed Catmull, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Pixar, yana cikinsu. A 2022 masu bincike a Sidni suka nuna cewa baƙin idon yawancin mutane yana tsukewa in suka suranta abu mai haske, nasu kuwa ba ya motsi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne shekara 135 da ke tsakanin tambayar Galton da wannan suna. Kowa ya ɗauka zuciyar ɗan'uwansa irin tasa ce, kuma harshe ya rufa asirin, tunda kalma ɗaya muke furtawa. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, amma wannan labari fuska ba ta san shi ba. Mu ɗaliban adabi an koya mana cewa gwanin marubuci shi ne mai zana hoto a zuciyar mai karatu. Yanzu mun san cewa a cikin yaran da ke sauraron tatsuniya akwai wanda bai taɓa ganin Gizo ba, amma ya san wayonsa, ya kuma yi dariya tare da kowa.