Cutar daji: yadda take tasowa a jiki da yadda ake maganinta

Cutar daji, wadda ake kuma kira sankara ko kansa, suna ne da ya haɗa cututtuka fiye da 100 masu tushe ɗaya: wasu ƙwayoyin halittar jikin mutum ne ke daina bin ƙa'ida, su yi ta hayayyafa har su ɓata naman da ke kewaye da su. Ba a ɗaukar ta wajen gaisawa, ko cin abinci kwano ɗaya, ko jinyar mai ita. Cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, da ke birnin Liyon na Faransa, ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum kusan miliyan 20 suka kamu da ita a duniya, miliyan 9 da dubu 700 kuma suka rasu. A Nijar, sankarar mama ce kan gaba tsakanin mata. Ta bakin mahaifa da ta hanta ma suna cikin waɗanda aka fi gani.

Yadda take farawa

Jikin babban mutum ya ƙunshi ƙwayoyin halitta kimanin tiriliyan 30. Kowace tana bin wani kundin umarni da likitoci ke kira ADN, wanda ke tsara lokacin da za ta rabu gida biyu, da lokacin da za ta tsaya, da lokacin da za ta mutu sabuwa ta maye gurbinta. Duk sa'ad da ƙwaya za ta rabu sai ta kwafi kundin, kuma wajen kwafin akan samu kuskure. Mafi yawan kurakuran jiki na gyara su, ko garkuwar jiki ta kawar da ƙwayar da ta lalace.

Sankara na farawa ne idan kurakurai suka taru a ƙwaya guda, wasu suna ingiza ta ta ƙara hayayyafa, wasu sun kashe umarnin da ke tsayar da ita. Kuskure ɗaya bai isa ba, taruwarsu kan ɗauki shekaru, shi ya sa cutar ta fi yawa ga masu manyan shekaru. Ga macen da garkuwar jikinta ke da ƙarfi, sankarar bakin mahaifa kan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ta nuna. Ga mai raunin garkuwa, kamar mai cutar sida da ba ta shan magani, shekara 5 zuwa 10 sun isa.

Ƙwayoyin da suka taru su ne ke zama ƙari. Ba kowane ƙari ba ne sankara: akwai wanda ke zaune wuri ɗaya, ba ya keta maƙwabtansa. Mugun ƙari kuwa yana jawo jijiyoyin jini don ya ci, yana kutsawa cikin nama, sannan wasu ƙwayoyinsa su ɓalle su bi jini ko hanyoyin kaluluwa zuwa hanta, huhu, ƙashi ko ƙwaƙwalwa. Wannan yaɗuwa ce ke kashe mafi yawan masu cutar. Sankarar jini ita daban take, a ɓargo take tasowa, galibi ba tare da ƙulluto ba.

Abubuwan da ke jawo ta

Taba ce babba: tana da hannu a kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mace-macen sankara a duniya. Akwai giya, da ƙiba mai yawa, da zafin rana ga fatar zabiya. Gado yana da rabon kashi 5 zuwa 10 cikin 100 kawai.

A ƙasashen Sahel, wasu ƙwayoyin cuta na da babban rabo. Ƙwayar HPV, da ake ɗauka ta hanyar saduwa, ita ke jawo kusan dukkan sankarar bakin mahaifa, nau'inta na 16 da na 18 kaɗai ke da kashi 70 cikin 100. Ciwon hanta nau'in B da C, idan ya daɗe, yana kai wa ga sankarar hanta, kuma haɗarin na ƙaruwa da gubar aflatoksin da funfuna ke bari a gyaɗa da masara da aka ajiye da danshi. Tsargiya da ta daɗe ba magani na iya jawo sankarar mafitsara. Sankarar Burkitt, mai kumbura muƙamuƙi ko cikin yara, wadda likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, tana da alaƙa da zazzaɓin cizon sauro mai yawan dawowa.

Yadda ake gano ta

Alamomin da ke buƙatar ganin likita sun haɗa da ƙulluto a mama ko hammata, jini daga kan nono, zubar jini bayan saduwa ko bayan daina al'ada, gyambon da ya ƙi warkewa, tari ko dushewar murya na makonni, jini a fitsari ko bayan gida, da rama ba dalili. Sau da yawa ƙullutun sankarar mama ba ya ciwo da farko, abin da ke sa mata da yawa jinkiri.

Likita kan duba, ya sa a yi hoto: eko, mamografi ko sikana. Amma tabbaci yana zuwa ne daga biyofsi, wato a ɗebi ɗan nama a duba shi a madubin likita. Daga nan a tantance mataki, daga na 1, inda ƙarin ke ƙarami a wurinsa, zuwa na 4, inda ya kai wasu sassan jiki.

Hanyoyin magani

Tiyata tana cire ƙarin tare da naman gefensa, wani lokaci da kaluluwar da ke kusa. Radiyoterapi, wato gashi da haske mai ƙarfi, yana lalata ADN na ƙwayoyin cutar a daidai wurin da aka auna. Shimiyoterapi magunguna ne da ke bin jini su kashe ƙwayoyi masu saurin rabuwa. Saboda gashi da ɓargo da hanji su ma haka suke, majinyaci kan yi zubar gashi, tashin zuciya da kasala, amma gashin na sake fitowa bayan an gama. Wasu nau'o'in sankarar mama suna girma ne da sinadarin jikin mace, ana toshe shi da ƙwayoyi irin tamoksifen na shekara 5 ko fiye. Akwai kuma sababbin magunguna masu zaburar da garkuwar jiki, sai dai suna da tsada ƙwarai. Galibi akan haɗa hanya biyu ko uku, kuma yanke magani a tsakiya na ba cutar damar dawowa.

Akwai maganar da ta yaɗu cewa daji ba ya son allura ko wuƙa. Abin da ke faruwa shi ne, da yawa ba sa zuwa asibiti sai cutar ta kai mataki na 3 ko na 4, bayan watanni ana shafe-shafe da tsaga. Idan mutum ya rasu bayan aiki, sai a ɗora laifin kan wuƙa. Sankarar mama da ta bakin mahaifa da aka kama a matakin farko, mafi yawansu suna warkewa. Ko da ta wuce warkewa, magani na rage girmanta, morfin kuma na kwantar da zafi.

A Nijar

Cibiyar yaƙi da cutar daji ta ƙasa, CNLC, tana Yamai. A 2021 aka buɗe sashen radiyoterapi a can da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya, AIEA. Kafin nan sai an fita ƙasar waje. Ga mazauna Maradi, Damagaram da Tawa, hanyar kan fara ne daga CSI na unguwa, zuwa babban asibitin jiha, sannan Yamai idan akwai buƙata.

Rigakafi

OMS ta ce ana iya kauce wa kashi 30 zuwa 50 cikin 100 na cututtukan daji. Rigakafin ciwon hanta nau'in B yana cikin allurar Penta da ake yi wa jarirai. Rigakafin HPV an fi son a yi wa ƴan mata masu shekara 9 zuwa 14. Gwajin bakin mahaifa, wanda ungozomar asibiti da aka horar ke iya yi cikin ƴan mintoci, yana gano canjin nama tun bai zama sankara ba, a ƙone shi ko a daskarar da shi. Burin da OMS ta sa a 2020 shi ne a gwada kashi 70 cikin 100 na mata kafin shekara 35, a sake kafin 45. Barin taba, shanya gyaɗa ta bushe sosai kafin a zuba ta a buhu, zubar da wadda ta yi funfuna, da maganin tsargiya da wuri, duk suna rage haɗarin.