Yadda Bagaruwa Ta Rasa Sunanta



Ina yaro a Katuru, akwai wata bagaruwa a bakin hanyar gonarmu, mukan tsinci 'ya'yanta a kai wa majema. Da na shiga makaranta aka ce mana sunanta a kimiyya Acacia nilotica, ɗakwara mai ƙaro kuma Acacia senegal. To, yau in kun duba za ku tarar duk an canja.

Wani Bature ɗan Ingila, Philip Miller, shi ya kafa sunan Acacia a 1754, kuma bagaruwa ce aka ɗauka a matsayin ma'aunin wannan suna. Daga nan duk itacen da furensa da kwafsonsa suka yi kama da nata sai a jefa shi ciki, daga Afirka har Ostireliya, har suka haura iri 1,000.

Wajen shekarar 2000 masana suka fara gwada DNA ɗin waɗannan itatuwa, wato ƙwayar gadon da ke cikin kowace halitta. Ashe kama ce kawai, ba zuri'a ɗaya ba ce. Ko bagaruwa da ɗakwara da muke gani gefe da gefe a daji, gidajensu daban. Dole a raba, kuma gida ɗaya ne zai riƙe sunan.

A ƙa'ida, gidan da ma'aunin yake shi ke riƙewa, kun ga namu ne ke nan. Sai 'yan Ostireliya suka ce su iri kusan 1,000 gare su, gidan bagaruwa kuwa bai kai 200 ba, canja nasu zai fi wahala. A taron masana tsirrai na duniya a Vienna a 2005 aka ba su sunan. Masana da dama, musamman daga Afirka, suka ce ba a bi hanya ba. Aka sake zama a 2011 a Melbourne, a can gidansu fa, aka tabbatar musu.

Ni dai hujjar yawa na gane ta, amma abin ya tsaya min a rai. Gwajin DNA cewa ya yi a raba. Wanda zai tafi da suna kuwa, ƙuri'a ce ta yanke.

Yanzu ɗakwara ta koma Senegalia senegal, ita ko banza ta samu suna na yankinmu. Bagaruwa kuwa Vachellia nilotica, daga sunan wani limamin coci ɗan Ingila, Vachell, da ya tara tsirrai a ƙasar Sin.