Yadda 'Yan Leƙen Asirin Amurka Suka Buɗe Wikipedia Tasu

Ga rubutaccen shirin wannan makon, domin waɗanda data ba ta ba su damar saurare ba.

Yau tarihin wata manhaja za mu yi. Kada ku ce za a yi barci, don labarin ya biyo ta Abuja, ya kuma taɓo Kano. Duk wanda yake cikin guruf ɗin WhatsApp na wurin aiki ko na ƙungiya, zai ga kansa a ciki.

Mu fara daga Janairun 2000. A watan ne hukumar CIA ta bi sawun wasu 'yan Alƙa'ida zuwa wani taro a Kuala Lumpur, babban birnin Malesiya. Biyu daga cikinsu su ne Khalid al-Mihdhar da Nawaf al-Hazmi. CIA ta gano al-Mihdhar yana da bizar Amurka, amma ba a sa sunayensu a jerin waɗanda ake sa wa ido ba sai Agustan 2001. Kafin nan sun daɗe da shiga ƙasar, har sun kama haya a San Diego, a gidan wani mutum da yake kai wa FBI rahoto. A Yulin 2001 kuma wani jami'in FBI a birnin Phoenix ya rubuta wa hedikwata cewa a binciki masu tsattsauran ra'ayi da ke shiga makarantun koyon tuƙin jirgi. Takardar ta kwanta. Ranar 11 ga Satumba, mutanen nan biyu suna cikin jirgin da ya faɗa wa ginin Pentagon.

Kun ga abin? Labarin yana hannun gwamnati, sai dai a gutsuttsure yake, kowace hukuma ta rungume nata kamar kishiyoyi da tukunyar miya. Kwamitin da ya binciki harin ya fitar da rahotonsa a Yulin 2004, ya ce tsohuwar al'adar nan ta cewa ba a nuna maka sirri sai an tabbatar kana da buƙatarsa, ita ce ta cuce su. Ya ce a koma al'adar raba labari.

Faɗa da baki ba wuya. Ta yaya hukumomin da kowacce ke da rumbunta da makullinta za su raba labari?

A wannan shekarar ta 2004 wani jami'in CIA mai suna Calvin Andrus ya rubuta maƙala, ya ce a duba Wikipedia, wadda lokacin shekararta uku kacal. Hujjarsa ita ce, abokan gaba suna sauya salo cikin kwanaki, su kuma rahoto ɗaya sai ya bi tebur bayan tebur kafin a sa masa hannu. Me zai hana a buɗe shafi ɗaya kan kowane batu, duk jami'in da ya san wani abu ya ƙara, wanda ya ga kuskure ya gyara? A 2006 aka ƙaddamar da Intellipedia, da irin manhajar da Wikipedia take amfani da ita, a kan hanyoyin sadarwar gwamnati da aka killace. Bambancin shi ne babu ɓoye suna. Duk gyaran da ka yi, sunanka na maƙale da shi. Jami'an CIA biyu, Don Burke da Sean Dennehy, su suka riƙa yawo suna tallata ta. Wanda ya yi ƙoƙari wajen rubutu har ɗan ƙaramin shebur ake ba shi kyauta, alamar ya yi haƙa.

Kuma ta nuna amfaninta da wuri. Ranar 11 ga Oktoban 2006 wani ƙaramin jirgi ya daki wani dogon gini a New York. Hankalin kowa ya tashi, an ɗauka an sake ne. Cikin mintoci aka buɗe shafi, cikin awa biyu aka yi masa gyara kusan sau 80 daga hukumomi daban-daban, aka gane haɗari ne kawai, ɗan wasan ƙwallon gora Cory Lidle ne da malaminsa na tuƙi a ciki. Babu taro, babu jiran oga ya dawo.

To a nan Najeriya ta fara shigowa. Babban rahoton da hukumomin nan suke haɗuwa su rubuta wa shugabannin ƙasarsu kan wata ƙasa ko wani batu, shi ne ƙololuwar aikinsu. Da suka tashi gwada rubuta irinsa a kan Intellipedia a 2006, ƙasar da suka zaɓa ita ce Najeriya, ana dab da zaɓen 2007. Ni abin har dariya yake ba ni: mu aka mayar zakaran gwajin dafi. Sai dai wiki ba ta karɓe wannan aikin ba. Manyan rahotanni sun ci gaba da fitowa ta tsohuwar hanya, da tambarin hukuma da sa hannun manya.

Dalilin shi ne wurin da nake so mu tsaya. Ka ɗauka kai ƙaramin jami'i ne. Ƙarshen shekara ogan ka zai ƙirga rahotanni nawa ka rubuta masu ɗauke da sunan sashenku, da su za a yi maka ƙarin girma. Awa uku da ka ɓata kana gyara shafin da wani daga wata hukuma ya fara, ba ya cikin lissafi. Don haka sai ka yi aiki biyu: na gaske da ake biyanka dominsa, da na wiki idan lokaci ya rage. Ga kuma manya na tsakiya, waɗanda darajarsu ita ce komai sai ya bi ta teburinsu. Shafin da yaro zai gyara maganar darakta a gaban kowa, yaya za su so shi?

Burke da Dennehy sun yi wani abu da ya burge ni. A 2008, a wani taro a Boston, sun fito da wani ɗan kundi na 1944 da hukumar OSS, uwar CIA, ta rubuta don koya wa mutanen ƙasashen da Jamus ta mamaye yadda za su gurgunta ma'aikatun abokan gaba daga ciki. Dabarun sun haɗa da nacewa sai an bi matakai a kan komai, da tura kowace magana gaban kwamiti mai mutane da yawa, da dawo da batun da aka riga aka yanke a zaman baya. Abin da aka rubuta a matsayin zagon ƙasa, ya zama yadda ofis yake aiki kullum. Don Allah wanda ya taɓa bin fayil a sakatariya ya faɗa min ko bai gane wannan ba. Mu ma a ƙungiyoyinmu na matasa, mun buɗe guruf, mun buɗe Google Docs, amma ana tura takarda mutum arba'in su rubuta "an gani", babu wanda ya taɓa ta.

Wannan "an gani" ɗin ne ya kusa kashe mutum kusan 290. A Nuwamban 2009, Alhaji Umaru Mutallab, tsohon shugaban First Bank, ya je ofishin jakadancin Amurka a Abuja da ƙafarsa ya ce ɗansa Umar Farouk ya ɓace masa a Yaman, kuma yana tsoron irin mutanen da ya faɗa hannunsu. Ku yi tunanin nauyin wannan a zuciyar uba. An rubuta, an tura Washington, an sa sunan a babban rumbun bayanai. A gefe guda kuma an tsinkayi maganganun 'yan Alƙa'ida na Yaman suna ambaton wani ɗan Najeriya. An yi kuskuren harafi wajen rubuta sunansa, binciken farko bai nuna yana da biza ba. Ba a soke bizar ba, ba a hana shi hawa jirgi ba. Ranar 25 ga Disamba ya hau jirgi daga Amsterdam zuwa Detroit da bam a jikinsa. Bam ɗin ne ya ƙi tashi yadda aka shirya, fasinjoji suka danne shi.

Wannan karon ba ɓoye labari aka yi ba, an raba shi. Shugaba Obama da kansa ya ce suna da bayanan, haɗa su da fahimtarsu ne aka kasa. Kowa ya gani, kowa ya ɗauka wani zai bi. Gyaran da aka yi a 2010 ba sabuwar manhaja ba ce: an kafa ƙananan tawagogi, aka ɗora musu alhakin bin irin wannan zaren har ƙarshensa.

A shekarar dai aka sha ta ɗaya ɓangaren. Ma'aikatar harkokin wajen Amurka, wadda ita ma ta buɗe tata wikin mai suna Diplopedia tun 2006, ta riga ta zuba wasiƙun jakadunta a hanyar sadarwar sirri ta sojoji, duk da sunan raba labari. Wani ƙaramin soja a Iraƙi, Manning, ya kwashi wasiƙu sama da 250,000 ya miƙa wa WikiLeaks. A ciki har da na ofishin Abuja da suka taɓo shari'ar Pfizer kan gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano a 1996. An fara wallafa su ranar 28 ga Nuwamban 2010. Cikin 'yan kwanaki ma'aikatar ta yanke rumbunta daga waccan hanyar, a Oktoban 2011 kuma Obama ya ba da umarnin kowace hukuma mai riƙe da sirri ta kafa tsarin sa ido a kan ma'aikatanta.