Rufe Jijiyar Duktus a Jikin Bakwaini: Tarihin Magani daga 1938 zuwa 2024

Gabatarwa

Wannan maƙala ta bibiyi tarihin maganin wata lalurar zuciya da ta yawaita a tsakanin bakwaini. Ɗan tayi ba ya numfashi da huhunsa, don haka akwai wata gajeriyar jijiya mai suna duktus da take karkatar da jini daga jijiyar huhu zuwa babbar jijiyar jiki. Jalinusu ya siffanta ta tun a ƙarni na 2 Miladiyya. Idan jariri ya cika watanninsa, takan rufe da kanta cikin kwana biyu zuwa uku. A jikin bakwaini kuwa sau da yawa takan zauna a buɗe, jini ya yi wa huhu yawa, zuciya ta jigata.

Daga tiyata zuwa magani

A shekarar 1938 Robert Gross ya yi nasarar ɗaure wannan jijiya ta hanyar tiyata a asibitin yara na Boston. Sai dai buɗe ƙirjin jaririn da bai kai kilo ɗaya ba kasada ce babba. Mafita ta fito daga ɗakin gwaji. A 1971 John Vane ya nuna cewa asfirin da indometasin suna hana jiki samar da sinadarin furostagilandin, sannan a 1973 Coceani da Olley suka gano a Toronto cewa wannan sinadari yana saki jijiyar duktus. A 1976 ayarin Friedman da na Heymann, dukkansu a Kalifoniya, suka ba da rahoton rufe ta da indometasin.

Indometasin yana rage jinin da ke zuwa ƙoda da hanji. Saboda haka a 2000 Van Overmeire ya gwada shi da ibufurofen a kan jarirai 148 a Beljiyam: ƙarfinsu wajen rufewa ya zo kusan ɗaya, amma ibufurofen ya fi sauƙi ga ƙoda. A 2011 Hammerman ta ba da rahoton jarirai biyar a birnin Ƙudus da jijiyar ta rufe bayan an ba su farasitamol.

Sauyin tambaya

Rufewar jijiya daban, tsirar jariri daban. Wani gwaji da aka buga a 2001 a kan jarirai 1,202 ya nuna cewa ba da indometasin tun da wuri ya rage lalurar, amma bai ƙara yawan masu rayuwa ba tare da naƙasa ba a wata 18. Gwajin BeNeDuctus na jarirai 273 ya gano cewa sa ido da jira bai gaza ibufurofen ba. A 2024 gwajin Baby-OSCAR na Birtaniya, mai jarirai 653, bai samu raguwar mutuwa ko ciwon huhu mai ɗorewa ba.

Kammalawa

An shafe shekaru ana tambayar wane magani ne yake rufe duktus. Yau tambayar ita ce wane jariri ne yake buƙatar a rufe masa. Wannan ya shafi likita a asibitin haihuwa da yara na Madina kamar yadda ya shafi takwaransa a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Arhar farasitamol ba hujja ce ta gaggawa ba, domin akwai lalurorin zuciya da ran jariri ya dogara ga zaman jijiyar a buɗe. Hoton zuciya shi ne ya kamata ya riga magani.