Gyaran kan famfo da makullin ruwa: abin da ya kamata masu kula da famfon gari su sani

Kamfanin NDE, wanda ya gaji SEEN a watan Janairun 2024, birane da manyan garuruwa yake ba ruwa. A karkara kuwa, kamar ƙauyukan komin ta Alakos a gundumar Gure ta jihar Damagaram, tsarin da aka gina kan dokar ruwa ta 1 ga Afrilu 2010 ya bar kula da ruwan sha a hannun komin, da ɗan kasuwar da ta damƙa wa tafiyar da aikin, da ƙungiyar masu amfani da ruwa. Saboda haka idan kan famfo ya lalace a Garazu ko wani ƙauye na kusa, babu wata motar kamfani da za ta taso daga birni. Mutanen wurin ne za su gyara, ko su zuba ido ruwa yana malala. Galibin irin wannan gyara bai fi ƙarfin mai kula da famfo ba, muddin ya san irin abin da ke gabansa, ya kuma bi aikin daki-daki.

Nawa ake asara?

A ƙaramin gidan ruwa na ƙauye, inji ko hasken rana ne ke jawo ruwa daga rijiyar burtsatse zuwa shato, daga nan ya gangaro ta tiyo zuwa famfunan unguwa da kwamin shayar da dabbobi. Kowace lita an kashe mata kuɗi kafin ta iso. Ɗigo ɗaya a kowace daƙiƙa yakan tara lita da dama a kwana. Idan yoyon ya zama siririn zare mai cika bido na lita 25 a awa ɗaya, lita 600 ke nan a kwana, wato bido 24, a wata kuma lita dubu 18. In yoyon yana bayan kontar, ma'aunin ya riga ya ƙirga ruwan, kuma mai sayar da ruwa ne za a tambaya kuɗin abin da bai sayar ba. Daga nan ake fara zargin juna tsakaninsa da kwamiti. Ga kuma taɓon da ke taruwa a gindin famfo, wanda sauro ke hayayyafa a ciki, dabbobi na tattakawa.

Iri uku da aka fi gani

Na farko shi ne kan famfo mai murɗi, wanda ake juyawa sau da yawa kafin ya rufe. A cikinsa akwai ƴar roba mai faɗi, wadda masu gyara ke kira juwan, ita ke danne ramin da ruwa ke fitowa. Wannan yana gyaruwa.

Na biyu shi ne mai hannu dogo, wanda ake karkatawa sau ɗaya ya buɗe ko ya rufe. A cikinsa akwai ƙwallon ƙarfe mai huji. Idan hannun ya bi tsawon tiyo, a buɗe yake. Idan ya gitta, a rufe. Rairayin da ke biyo ruwa yakan kankare ƙwallon da robobin da ke riƙe da shi. Idan ya fara yoyo ta ciki, canza shi gaba ɗaya ya fi sauƙi.

Na uku shi ne babban makulli mai sitiyari, wanda ake kira vanne da faransanci. Ana samunsa a gindin shato da cikin akwatin siminti a kan babban layi. A cikinsa wani faifan ƙarfe ne ke sauka ya toshe hanya. Idan aka daɗe ba a taɓa shi ba, yakan cije.

A fara gano inda ciwon yake

Idan ruwa na ɗiga ta baki bayan an rufe, robar ciki ce ta cinye, ko tsakuwa ta maƙale.

Idan yana fitowa ta ƙarƙashin hannu, notin da ke matse sandar hannun ne ya saki. Sau da yawa ɗan ƙara masa matsi kaɗan da kile ya wadatar.

Idan yana tsatsa ta mahaɗar famfo da tiyo, naɗin teflon ne ya mutu.

Idan hannu na juyawa ba tare da komai ya canza ba, sandar ciki ta karye ko haƙoranta sun cinye. Idan kuma jikin famfon ne ya tsage, babu gam ɗin da zai riƙe shi. Waɗannan biyun sai sabo.

Kafin a tafi kasuwa

Daga ƙauyukan Alakos zuwa shagon kayan famfo a Gure ko Damagaram tafiya ce, don haka kuskuren awo yana cin kwanaki. A shagunan Nijar ana kiran girman baki da lamba biyu: 15/21 shi ne rabin inci, 20/27 kashi uku cikin huɗu na inci, 26/34 inci ɗaya. Wanda zai saya a kasuwar da kayan Najeriya suka fi yawa, da inci za a yi masa magana. A duba lambar da aka buga a jikin tsohon, a kuma lura ko haƙoransa a waje suke ko a ciki. Abin da ya fi duka shi ne a tafi da tsohon a hannu. Na tagulla mai nauyi ya fi daɗewa. Mai sheƙi maras nauyi yakan tsage tun wajen ɗaurawa. A haɗo da teflon da robobi na ajiya.

Yadda ake aikin

1. A sanar da mutane lokacin da za a rufe ruwa, don kowa ya ɗebi na bukata.

2. A rufe makullin da ke gaba da wurin gyara. Duk mita 10 na tsawon shato yana ba da matsi na kimanin bar ɗaya, kuma wannan ya isa ya hana mutum ɗaura komai a bakin tiyo.

3. A buɗe famfon har ruwan da ya rage a tiyo ya tsiyaye.

4. Idan roba ce za a canza, a cire hannu da turnabis, a kwance kan da kile, a fitar da tsohuwar roba, a share mazauninta daga rairayi, a sa sabuwa daidai girmanta.

5. Idan famfon ne duka za a canza, a yi aiki da kile biyu: ɗaya ya riƙe tiyo, ɗaya ya kwance. Wanda ya murɗa da kile ɗaya yakan karya tiyon a cikin siminti, gyaran awa ɗaya ya koma aikin magini.

6. A goge haƙoran tiyo, a cire tsohon naɗi. A naɗa sabon teflon ta ɓangaren da za a murɗa famfon, wato yadda hannun agogo ke tafiya idan ana kallon bakin tiyon. In aka naɗa a baibai, zai warware wajen ɗaurawa.

7. A fara ɗaurawa da hannu har ya tsaya, sannan a ƙara da kile kaɗan. Yawan matsi ke fasa baki.

8. A bar famfon a buɗe, a buɗe babban makulli sannu a hankali, iska da datti su fita. A zubar da ruwan farko. Sannan a rufe, a goge wurin ya bushe, a dawo bayan ɗan lokaci a duba.

A lura da irin tiyon. Na PVC ana haɗa shi da gam ɗinsa na musamman, kuma sai an ba shi lokacin bushewa da aka rubuta a jikin gwangwani. Baƙin tiyon roba mai naɗuwa, PEHD, ba ya karɓar gam. Da mahaɗi mai matsewa ake haɗa shi.

Abubuwan da ke ƙara lalata shi

Ɗaure yoyo da robar taya ko tsumma dabarar kwana ɗaya ce. Idan shato ya ƙare, matsi ya sauka, ruwan taɓo yana iya komawa cikin tiyo ta wannan kafar, kowa kuma ya sha. Haka nan dukan hannu da dutse, ko zura masa ƙarfe don a ƙara ƙarfi, shi ke karya sandar ciki. Rataya bido a bakin famfo yana sassauta mahaɗa. Rufe babban makulli farat ɗaya kuma yana sa ruwa ya doki tiyo da ƙarfi, har ya fasa mahaɗa a wani wuri can nesa.

Inda ya kamata a tsaya

Makullin gindin shato, da kontar, da duk abin da ya shafi injin rijiya, ba aikin mai sayar da ruwa ba ne. A sanar da mai tafiyar da gidan ruwa da hukumar komin, in ya gagara a kai maganar ga ma'aikatar ruwa ta gunduma a Gure. A rubuta ranar da aka kai ƙara da lambar da kontar ke nunawa a ranar, don kada a yi gardama wajen lissafi.

Kwamitin da ya ajiye kile biyu, turnabis, teflon, robobi da kan famfo ɗaya na ajiya a akwati, ya kuma riƙa buɗewa da rufe manyan makullai lokaci-lokaci don kada su cije, ba zai jira ranar kasuwa ba kafin famfonsa ya koma aiki. A watannin bazara, lokacin da mutane da garken dabbobi ke layi a wuri ɗaya, wannan akwatin ne ke hana mata da yara komawa rijiya mai nisa.