Samarin Hill District: Waɗanda Suka Zo Lokacin Da Kowa Ya Ƙi Zuwa

 Kamar yadda aka saba, ga rubutaccen shirin wannan makon domin waɗanda datarsu ba ta kai su saurara ba.

Yau Amurka za mu je, birnin Pittsburgh na jihar Pennsylvania, shekarun 1960. Labarin wasu samari baƙar fata ne da ake yi wa kallon marasa amfani, amma suka zamo cikin mutanen farko da suka kafa aikin da yau ake kira faramedik, wato ma'aikacin da ke fara yi wa mutum magani tun a inda ya faɗi, kafin a kai shi asibiti.

Bari mu fara da yadda abin yake kafin su. A 1966 Cibiyar Kimiyya ta Ƙasar Amurka ta fitar da wani rahoto da ya girgiza likitoci. Rahoton ya ce a 1965 kaɗai haɗurra sun kashe mutum 107,000 a ƙasar. Ya kuma nuna cewa kusan rabin aikin ɗaukar marasa lafiya yana hannun masu sana'ar binne gawa ne. Dalili? Su ne ke da doguwar motar da mutum zai iya kwanciya a ciki. Ku ji fa: motar da za ta kai ka asibiti ita ce dai wadda za ta kai ka maƙabarta, kuma mai ita ya fi samun kuɗi idan ka mutu. Har rahoton ya nuna sojan da aka ji wa mummunan rauni a fagen yaƙi ya fi wanda mota ta buge a titin Amurka damar rayuwa.

A Pittsburgh kuwa 'yan sanda ne ke yin aikin. Su zo da motar da suke kwasar masu laifi, su jefa ka a baya, su biyun su koma gaba su zauna, su taka mota. Babu mai duba ko kana numfashi. Duk wanda ya taɓa ganin an cusa wanda ya yi haɗari cikin a-daidaita-sahu, ƙafafunsa na reto a waje, ya san irin wannan ɗaukar.

To wannan ga kowa ke nan. Ga mutanen Hill District abin ya fi haka muni. Unguwa ce ta baƙar fata, wadda a da ta yi suna da kiɗan jaz da gidajen rawa, har sai da hukuma ta rushe ɓangarenta na ƙasa a shekarun 1950 domin gina babban ɗakin wasanni, aka tashi mutum kusan 8,000. Idan ka kira 'yan sanda a Hill, su zo a makare ko su ƙi zuwa. Idan sun zo ɗin ma, mutanen da suka dake ka jiya su ne yau za su ɗauki mahaifiyarka. Mutane da yawa sun gwammace su haƙura a gida.

Mutum biyu ne suka haɗa kai abin ya canza. Na farko Phil Hallen, shugaban wani asusun tallafa wa harkar lafiya, wanda shi kansa ya taɓa tuƙa motar asibiti. Shi ya kai shawara ga Freedom House, wata ƙungiyar unguwar da ke nema wa mutane aikin yi, sunanta ma yana nufin gidan 'yanci. Na biyun shi ne Dokta Peter Safar, ɗan asalin Austiriya, likitan da ake danganta wa hanyar farfaɗo da mutum ta hura masa numfashi baki da baki haɗe da danna ƙirji.

Safar yana ɗauke da nasa ciwon. A 1966 'yarsa Elizabeth, mai shekara 11, ta rasu sakamakon tashin asma. An samu an dawo da bugun zuciyarta, amma ƙwaƙwalwarta ta riga ta daɗe babu iska. A watan Nuwamban shekarar kuma David Lawrence, tsohon gwamnan jihar kuma tsohon magajin garin Pittsburgh, ya yanke jiki ya faɗi yana jawabi a taron siyasa. Aka kai shi asibiti, ƙwaƙwalwa ta riga ta lalace, bayan mako biyu da 'yan kwanaki ya cika. Tsohon gwamna fa! Abin da Safar ya fahimta shi ne, 'yan mintocin nan tsakanin faɗuwar mutum da ƙofar asibiti, a nan ake rasa shi. Don haka dole magani ya fita titi.

Su wa za a koya wa? Nan ne labarin ya fi min daɗi. Aka shiga lungunan Hill ana neman samari. Wasu ba su gama sakandare ba, wasu sun taɓa zaman gidan yari, wasu sun dawo daga yaƙin Biyetnam ba su da abin yi. A takardun hukuma irinsu ake rubuta wa cewa ba su ɗaukuwa aiki. Safar bai rage musu karatu ba don tausayi. Ya ba su horo na mako 32, kimanin awa 300: tsarin jikin ɗan Adam, farfaɗo da zuciya, karɓar haihuwa, ɗaura ƙarin ruwa, sannan ya shigar da su ɗakin tiyata da ɗakin gaggawa suna gani da idonsu. A ganina wannan shi ne mutuntawa ta gaskiya, ka ɗora wa mutum nauyi saboda ka yarda zai iya ɗauka.

Suna cikin horo aka kashe Martin Luther King a watan Afrilun 1968, Hill ta kama da wuta, suka fita suna taimakon waɗanda suka ji rauni. A shekarar suka fara aiki sosai da motoci biyu. Cikin shekarar farko sun amsa kira kusan 5,800, kuma bisa lissafin da Safar ya tattara sun ceci rai kusan 200. Yawanci ba sa kai minti goma ba su iso ba.

Kada in yi muku ƙari, ba su kaɗai ba ne a duniya. A Belfast, Dokta Frank Pantridge ya fara fita da motar masu ciwon zuciya tun 1966, sai dai likita ne a ciki. Miami da Los Angeles da Seattle su ma sun biyo da nasu, galibi da 'yan kwana-kwana. Abin da ya bambanta Freedom House shi ne zurfin horon da kuma irin mutanen da aka bai wa shi.

Ku yi tunanin abin daga ɓangaren mara lafiya. Tsohuwa ce kwance a bene na uku, ƙirji ya riƙe. Aka buɗe ƙofa, sai ga yaron da ta san uwarsa, sanye da farar riga, ya durƙusa kusa da ita, ya kira sunanta, ya kama hannunta yana duba bugun jini. Bai yi mata tsawa ba, bai tambaye ta ko ta sha giya ba. Tausayin da nake magana a kai ke nan, kuma yana tafe da ƙwarewa. Tausayi babu ilimi ai kuka ne kawai za ku yi tare.

Ɗaya daga cikinsu, John Moon, ya sha ba da labarin yadda ya shiga. Ya yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa a gidan marayu a Atlanta kafin wani iyali a Pittsburgh su ɗauke shi. Yana aikin tura marasa lafiya a asibiti, aikin da ba mai ko kallonka, sai ya ga baƙar fata biyu sun shigo da majiyyaci, suna magana da gaba gaɗi, ma'aikatan asibiti na sauraronsu. Ya ce shi ma wannan yake so ya zama. Bayan 'yan shekaru shi ne aka rubuta a matsayin wanda ya zura wa majiyyaci bututun numfashi a maƙogwaro a wajen asibiti, aikin da a lokacin ake ganin sai likita.

Sai ga abin mamaki: talakawan Hill sun fi masu kuɗin unguwannin turawa samun kulawar gaggawa. Kuna tsammanin za a ce a faɗaɗa aikin ya game gari? Ina! A 1970 Peter Flaherty ya zama magajin gari. Ya rage kuɗin da birnin ke ba su, ana kuma jinkirta biya. Ya ƙi yarda su shiga sauran unguwanni. Har hana su kunna jiniya aka yi a tsakiyar gari, wai suna damun mutane da ƙara. Motar ceton rai, a ce ta bi cunkoso shiru! Wasu fararen fata kuma, suna cikin ciwo, su ce baƙi ba zai taɓa su ba.

A cikin wannan hali Dokta Nancy Caroline ta zama likitar da ke kula da su a 1974. Ba ta zauna a ofis ba, tana hawa mota tare da su dare da rana, tana bin kowane rahoto. Daga abin da ta gani tare da su ta tsara manhajar horar da faramedik ta ƙasa baki ɗaya wadda gwamnatin tarayya ta ba da aikinta, sannan ta rubuta littafin Emergency Care in the Streets, wanda har yau ake sabunta shi ana koyarwa da shi. Daga baya ta yi aiki a Isra'ila, ta kuma yi da likitocin jirgin sama na gabashin Afirka.

A 1975 birnin ya yanke shawarar kafa nasa sashen agajin gaggawa, bisa tsarin da waɗannan samari suka gwada ya yi aiki. Ranar 15 ga Oktoban 1975 aka rufe Freedom House. Caroline ta dage sai an ɗauki mutanenta, aka ɗauke su, amma aka raba su, aka sa su ƙarƙashin sababbin ma'aikata fararen fata da ba su kai su sanin aiki ba, aka dinga yi musu jarrabawa a kai a kai, wanda ya faɗi a kore shi. Cikin 26 da suka koma, rabi ne suka kai shekara. Ni dai ban ga sunan da ya dace da wannan ba in ba cin amana ba.

Wasu sun tsira da sana'ar. Mitchell Brown ya je ya shugabanci agajin gaggawa na birnin Cleveland, daga baya ya riƙe harkar tsaron jama'a a Columbus. John Moon ya cije ya zauna, ya kai mataimakin shugaban sashen da ya so ya kore shi, ya dinga jawo samari baƙar fata cikin aikin har ya yi ritaya a 2009. Sauran da yawa sun koma tuƙin tasi da aikin ƙarfi, garin ya manta da su shekara da shekaru, sai da ɗan jarida Kevin Hazzard, wanda shi ma tsohon faramedik ne, ya fitar da littafinsa American Sirens a 2022 sannan labarin ya bazu sosai. Lokacin da yawansu sun riga sun rasu.

Mu kwana nan. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.